Ɗantsoho Ya Tafi Kamun Buzu-buzu

A zamanin da Katsina ke bin tutar Sakkwato, an yi wani mutum a Wagini ana ce masa Ɗantsoho. Majemi ne, gyaran fatu ne abincinsa, shi ya sa tun daga bayan gari in ka shaƙi iska za ka san ko yana gida. Amma in baƙo ya tambaye shi sana'arsa, cewa yake shi maharbi ne, jima kuwa motsa hannu kawai yake yi kafin daji ya yi kyau. Yana da baka da kwari da ya gada wurin kakansa, suna rataye a zaure har zanzaro ya yi gida a bakin kwarin.

Wata shekara da kaka, dawa ta fara nuna, sai magana ta cika gari cewa wani abu ya bayyana a dajin Rugu. Wadda ta fara ganinsa Iya Atika ce mai daddawa. Ta shiga neman itace, ta dawo ba itace, ba gammo, takalmi ma ƙafa ɗaya.

Ta ce wa mutanen da suka taru a kanta, "Tsaye yake tafiya kamar mutum. Ya kai rumbu tsawo. Gashi buzu-buzu har ƙasa, hannuwa sun wuce gwiwa. Fuskar gwaggon biri gare shi, amma kallon da ya yi mini kallon mai hankali ne."

Daga nan sunan ya bi shi, kowa sai Buzu-buzu. Hamma, Bafillacen da ke kiwo a bakin dajin, ya ce ya ga sawunsa a gefen rafi, ƙwarya ma sai ta zauna a ciki, kuma shanunsa sun ƙi shan ruwa a wurin. Sai abubuwa suka fara ɓacewa. An sauke amyar wani an shanye zumar. An ɗauke ƙwaryar nono a rugar Hamma. Rigar liman da aka shanya a kan danga ma aka neme ta aka rasa. Mata suka daina shiga itace. Maza masu gonaki a bakin daji suka daina leƙa su, birai da tsuntsaye suka samu dawa ba mai tsawa. Aka ga in an ƙara kwana biyu haka, rabin gari zai wayi gari da rumbu wayam.

Mai gari, Magaji Ummaru, ya tara mutane a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Ya ce duk wanda ya raba gari da wannan abu, shi za a naɗa Sarkin Dawa, tun da kujerar ba kowa a kanta. Ya ce kuma zai aika garin Karare a kirawo Jafaru, maharbin da aka san shi har Safana.

Ɗantsoho ya miƙe, ya gyara ɗamara.

"Ranka ya daɗe, ina raye a aika Karare? Ai wanga abu na san shi. Mun taɓa gamuwa bayan ƙauyen Babban Duhu. Muka kama kokawa tun hantsi har la'asar."

Mati wanzami, maƙwabcinsa, wanda bai taɓa barin maganar Ɗantsoho ta wuce lafiya ba, ya ce, "To wa ya ka da wani?"

"Salla ta raba mu."

"Shi ma sallar ya tafi?"

"Ban tambaye shi ba. Na dai ga ya nufi gabas."

Mutane suka kwashe da dariya. Magaji ya ce, "To, Ɗantsoho, kafin Jafaru ya iso, fili naka ne."

Da ya koma gida, matarsa Kande tana tankaɗe, ta riga ta ji labari. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Maigida, kai da ɓera ya shiga wandonka bara ka kwana gidan Mati?"

"Wancan ɓeran ba na banza ba ne, turo shi aka yi. Ki dai fara koyon tafiyar matar Sarkin Dawa."

Dabararsa ta farko rami ce. Ya samu wata hanya da ta ratsa bakin daji, ya ce nan ne Buzu-buzu ke bi, don ciyawar wurin duk a tattake take. Bai tsaya tambayar kansa abin da ya sa kashin shanu ya cika hanyar ba. Ya haƙa rami mai zurfi, ya rufe da kara da ganye, ya ɗora ƙwaryar furar da Kande ta dama masa a kai.

Washegari da safe ya tunkari wurin, tun daga nesa ya ji ana gurnani a ƙarƙashin ƙasa, ƙura na tashi. Bai ƙarasa ba. Ya leƙa daga inda yake, ya hango wani abu mai tsini yana motsi, ya juya ya sheƙa gari.

"Ku fito, na kama shi. A zo da igiya, a zo da makaɗa."

Gari ya fashe, maza da sanduna, mata da goyo. A hanya Ɗantsoho yana gaba yana bayani: "Kowa ya tsaya bayana. Idonsa kamar garwashi. Ga ƙaho zaƙo-zaƙo."

Mati ya ce, "Iya Atika ba ta ce yana da ƙaho ba."

"Fushi ne ya fito masa da shi."

Da aka iso bakin rami, sai ga Hamma tsaye, ya dogara da sandarsa, yana kallon ciki. Abin da ke ciki kuwa farin bijiminsa ne, wanda ya fi so a duk garken, ƙwaryar fura a kife a kan ƙahonsa.

Hamma ya juyo a hankali. "Wane kaɗo ne ya haƙa rijiya a kan burtali?"

Kowa ya dubi Ɗantsoho. Shi kuwa ya dubi sama, ya ce, "Lalle abin nan ya kai inda ya kai. Ya rikiɗa ya zama sa."

"To sauka ka ɗaura masa igiya, tunda kun saba," in ji Hamma, yana juya sanda a hannu.

Ba yadda ya iya, ya sauka. Bijimin ya matse shi da bango, ya take masa ƙafa, ya lashe masa fuska. Da ƙyar ya ɗaura igiyar, samari suka ja, sa ya fito. Mutane suka bi bayan san suna ta yi wa Hamma barka, har aka shige gari. Sai da rana ta take Kande ta ga abincinsa na sanyi, ta tuna inda aka bar shi, ta zo da tsani.

Tana riƙe da tsanin ta ce, "Sannu, Sarkin Dawa. In kawo maka rawanin nan ciki ne?"

Ya hau yana ɗingishi, ya ce, "Gwada zurfin ramin nake yi. Ya yi daidai."

Kwana biyu ƙafa ta lafa, ya fito da dabara ta biyu. Ya ce kowane namijin dawa ba ya son jin muryar wani namiji a yankinsa. In ya ji ruri, dole ya fito faɗa, shi kuwa yana laɓe da baka. Matsalar ita ce muryar Ɗantsoho siririya ce. Sai ya lura in ya yi magana cikin tukunyar ruwan Kande, muryar tana yin kauri. Ya faki idonta, ya zubar da ruwan, ya ɗauke tukunyar ya nufi bayan rijiyar gari.

Ya kafa baki ya yi ruri. Ya ji daɗin abin. Ya ƙara tura fuska ya sake. Ya ga kamar in kan duka ya shiga abin zai fi, sai ya tura har wuya. Rurin da ya fito a wannan karon ya kai. Matan da ke ɗiban ruwa suka watsar da guga suka zuba a guje, jakin wani mutum Mamman ya tsinke igiya, kaji suka haye danga.

Ɗantsoho ya ja tukunya, tukunya ta ƙi fita. Kunnuwansa sun tare bakin. Ya ja, ya murɗa, ya yi kiran taimako, amma duk abin da ya faɗa sai ya fito ruri. Haka ya shigo gari yana laluben hanya, ya yi karo da turmi, ya faɗa kan shanyar kuɓewar wata, ya tashi ya rungumi rumbu. Duk inda ya nufa sai a rufe ƙofa. Sai da Mati ya leƙo ta saman katanga, ya shaƙi iska, ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Wanga warin na san shi."

Ya ɗauko taɓarya zai fasa tukunyar, Kande ta riƙe hannunsa.

"Kada ka soma. Tukunyar gadon uwata ce."

"To kan fa?"

"Kan ai ya saba da wahala."

Aka zaunar da shi a tsakar titi, aka kawo man kaɗanya aka shafe masa wuya da kunnuwa. Mati ya riƙe tukunya, samari suka riƙe ƙafafu, aka ja. Kan ya fito da ƙara kamar an cire ƙafa daga taɓo. Ɗantsoho ya buɗe ido ya ga rabin gari a kansa. Ya share man da ke fuskarsa, ya ce, "Kun dai ji ya amsa ko? Daga can cikin daji ya amsa."

"Jakin Mamman ne," in ji Mati.

Ran nan da yamma Jafaru ya iso daga Karare da mutanensa da raga mai kauri. Mutum ne marar yawan magana. Ya gaida Magaji, ya ce gobe da hantsi zai shiga. Ɗantsoho ya ga sarauta na shirin suɓuce masa, ya shiga ɗakin jimarsa ya tura ƙofa.

Dabara ta uku ita ce babba. Ya ce duk wannan yawo da Buzu-buzu ke yi a bakin gari, ba komai ba ne illa gwauranci. Mata yake nema. To shi zai zama matar, ya yaudare shi har bakin ramin nan, ya kauce, abu ya rufta. Ya tattara fatun da mutane suka kawo masa jima, na awaki da na tumaki, masu gashi, ya ɗinke su riga guda tun daga kai har ƙafa, ya huda wurin ido da na baki. Don kada a yi kuskuren ko mace ce, ya ɗauko jigidar Kande ya ɗaura a ƙugu, ya zizara tozali a gefen hudojin idon. Gari na wayewa ya shige ciki, ya ɗinke bakin rigar daga ciki don kada ta zame, ya bi ta bayan gida ya faɗa daji.

Ya yi tafiya mai nisa, zufa na bin bayansa, har ya kai wani wuri mai duwatsu inda itatuwan ɗinya suka yi duhu. Ya zauna kan dutse, ya karkace kai, ya fara wani irin kuka siriri da yake ganin haka 'yan matan Buzu-buzu ke yi.

Waɗanda suka fara zuwa gwaggon birai ne. Suka jeru a kan dutsen da ke gabansa suna kallo. Babbansu ya sosa ciki, ya ɗauki tsakuwa ya jefe shi. Ɗantsoho ya daure, ya ƙara karkacewa. Can sai biran suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka dubi wani abu a bayansa, suka watse ba ko ƙara. Tsuntsaye ma suka yi shiru.

Ya ji dutsen da yake kai ya ɗan motsa, kamar an ajiye buhu. Wata inuwa ta rufe shi. Wani wari ya doki hancinsa, wanda shi kansa majemi bai taɓa jin irinsa ba. Bai juya kai ba, ido kawai ya karkata. Gwiwa ya gani, mai gashi, daidai kafaɗarsa.

Wani hannu kamar faifai ya sauko a hankali, ya zuba masa ɗinya a cinya, nunannu baƙi ƙirin. Sai hannun ya koma bayansa, ya fara tona gashin fatar akuyar, a natse, yana neman ƙwarƙwata. Ya samu kaska, ya kai baki. Ya matso kusa. Ya taɓa jigidar da ɗan yatsa, ta yi ƙara, ya yi wani gurnani mai taushi na jin daɗi.

Duk addu'ar da Ɗantsoho ya sani ta gudu daga kansa. Ramin da zai kai shi kuwa, ya ma manta ko gabas yake ko yamma. Gashin akuya ya shiga hancinsa. Ya danne, ya danne, abin ya fi ƙarfinsa, ya saki atishawa. Bakinsa kuma, da sabo, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Hannun ya tsaya cak. Suka dubi juna ido cikin ido. Abin ya yi tsalle da baya ya kurma ihu, Ɗantsoho ma ya kurma nasa, kowa ya kama gabansa. Ana jin itatuwa na karyewa ta can, ana jin jigida na kaɗawa ta nan.

Cikin gudun fatar kan ta juye, hudar baki ta koma wajen kunne, ido ɗaya kawai ke gani. Bai san inda yake jefa ƙafa ba, sai ji ya yi ya afka cikin raga, mutane sun danne shi. Ya yi ta cewa, "Ni ne, ni ne," amma da baki cike da fata, abin da Jafaru da mutanensa suka ji gurnani ne. Suka ɗaure shi tamau a jikin gungume, suka saɓa a kafaɗa, suka nufi Wagini.

Ranar kuwa kasuwa ke ci. Kafin su kai gindin tsamiya, mutanen Karare da na Babban Duhu da suka zo cin kasuwa duk sun bar kayansu sun biyo. Aka ajiye shi gaban Magaji, aka zare gungumen, aka bar shi cikin ragar. Makaɗa suka fara yi wa Jafaru kirari.

Magaji ya ce a kirawo Iya Atika. Ta zo ta zagaya shi daga nesa, ta ce, "Shi ne, ranka ya daɗe. Sai dai ya rame."

Hamma ya duba ƙafafun, ya ce, "Sawun da na gani ya fi wannan."

Wani ya ce, "Tsoro ne ya tsuke ƙafar."

Mati ya matso da askarsa, ya ce gashin irin wannan dabba maganin ciwon baya ne, a bari ya ɗan yanka. Ya kama gashin kafaɗa, ya tsaya, ya ƙura ido.

"Ranka ya daɗe, wagga dabba ɗinke take."

Liman ya sunkuya, ya shafa cinyar abin, ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai fatar ragon layyata ce. Ga ma tabon da ke wuyansa."

Wani daga baya ya ce, "Waccan ja ta akuyata ce."

Kande ta ratso taro da ƙwaryar cefane a ka. Ta dubi ƙugun abin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Maigida, in kai ne a ciki, ɗaga ƙafa."

Ɗantsoho ya yi lamo. Ya ga in ya ɗaga, ya gama yawo a Wagini. Gara a ci gaba da ɗaukarsa dodo, ko ba komai dodo ana jin tsoronsa.

Magaji ya ce, "To tunda bai ɗaga ba, dabba ce. Sai a kai shi Birnin Katsina a nuna."

Jafaru ya zare wuƙa, ya gwada kaifinta a babban yatsa, ya ce, "Hanya da nisa, ranka ya daɗe, ga nauyi. Kan kawai ya isa."

Ƙafafu biyu suka tashi sama tare, har da kaɗawa.

Mati ya farke ɗinkin. Kan Ɗantsoho ya fito jiƙe sharkaf, tozali ya zubo har haɓa. Dariyar da aka yi ran nan, mai tallan nono sai da ta zauna a ƙasa, nonon ya kife. Ko Jafaru sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Ɗantsoho bai ko kula ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gan shi. Wallahi na gan shi. Ya zauna kusa da ni. Ya ba ni ɗinya."

"Ɗinya," in ji Mati.

"Ya nema mini ƙwarƙwata. Ya taɓa jigida."

"To madalla. An sa rana, ko sai manyansa sun zo?"

Aka sake fashewa. Ɗantsoho ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce a zo ya nuna dutsen. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ba da labari ba ƙari ba sai ran nan, kuma ko mutum ɗaya bai yarda ba.

Magaji ya share hawaye da bakin rawani, ya ce, "Jama'a, magana ta ƙare. Ba wani Buzu-buzu a Rugu sai wanda ke gabanku. Kowa ya koma gonarsa, mata su shiga itace."

Mai amya ya ce, "To zumata fa?" Hamma ya ce, "Da ƙwaryar nonona." Liman ya yi gyaran murya, ya ce shi dai rigarsa ba ya son tone-tone, amma sabuwa ce.

"Ba ni ba ne," in ji Ɗantsoho. "Shi ne."

"Shi ɗin ai kai ne," in ji Magaji. "Ga hukunci. Za a kafa maka rumfa a gonakin bakin daji. Kullum ka sa wannan rigar taka ka hau, ka kori birai da tsuntsaye har a girbe dawa. Jafaru ne Sarkin Dawa. Kai kuma, tunda kana son sarauta, na ba ka Sarkin Buzu-buzu."

Haka aka yi. Mata suka koma shiga daji suna waƙa, suna wucewa ta gindin rumfar suna cewa, "Ranka ya daɗe, a gaida angon." Birai kuwa ko kusa ba su ƙara zuwa ba, dawa ta yi kyau, kowa na yaba aikin Ɗantsoho. Shi kaɗai ya san ba shi biran ke tsoro ba. Ya roƙi a ƙara wa rumfar tsawo, aka ƙara. Ya roƙi a sake ƙarawa, aka ce itacen ya ƙare.

Kullum da hantsi Kande ke kawo masa fura. Wata rana ta iso ta tarar da ɗinya a gindin rumfar, an tara ta a kan faffaɗan ganye, tsaf, nunannu zalla. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki.

"Maigida, wa ke kawo maka wannan?"

Daga can sama, cikin fatun, wata siririyar murya ta ce, "Kande, rage murya."

Ta ƙara ɗaukar wata, ta tsotsa, ta tofar da ƙwallon. Ta juye sauran a ƙwaryarta.

"Ko wane ne dai ya iya zaɓe. In ya dawo ka ce masa gobe ya haɗo da tsamiya, tawa ta ƙare."